Akwatin Wuta Mai Nauyi

Duk wanda ya taɓa shigowa shagona da kwamfuta a hannu ya sha huɗubata a kan akwatin wuta. Ba na gajiya da ita. Akwatin wuta shi ne ɗan ƙarfen nan mai fanka da ke bayan kwamfutar tebur, wanda ake soka wa waya daga bango. Shi ke karɓar wuta, ya tace ta, ya raba wa kowane sashe daidai cikinsa. Nakan ce wa mutum: ka rage kuɗi a duk inda ka ga dama, ka haƙura da ƙaramin allo, ka sayi madannai na hannu, amma kada ka yi rowa a nan. Mai kyau in ajalinsa ya zo shi kaɗai yake mutuwa, na banza kuwa sai ya ja 'yan uwansa sun tafi tare. Shekara goma sha ɗaya ina wannan wa'azi, har maƙwabtana masu shaguna in sun ji na ɗauko sai su riƙa ƙarasa mini.

Ina kuma da wata dabara da nake taƙama da ita. Ba na kallon lambar da aka liƙa a jiki, don kowane ɗan damfara yana iya buga wat ɗari biyar a takarda ya manna. Ɗauka nake in auna a tafin hannu. Mai kyau nauyi gare shi, saboda tagullar da ke ciki da ƙarafan da ke shanye zafi. Na bogi kuwa shafal, kamar gwangwanin madarar da aka shanye. "Hannuna sikeli ne," haka nake cewa, ina ɗaga kafaɗa. Allah ya shirye ni.

Yayata ce ta riƙe ni tun ina aji uku, kuma har yau da furfura a gemuna Auta take ce mini. Tana da ɗan shago a hawa na biyu na wani bene mai shaguna da yawa, tana buga wa mutane takardu, tana cike fom, tana tsara katin gayyata. Da tsohuwar kwamfutarta ta gaji, mijinta ya kawo shawarar a sayi haɗaɗɗiya daga kanti. Ni kuwa na ɗauki wannan cin fuska. Ina raye, ƙanin matarka, a je a saya muku haɗaɗɗiya? Na ce ya kawo abin da ya tanada, komai ƙanƙantarsa, zan haɗa mata wadda za ta shekara biyar ko tari ba ta yi ba.

Kuɗin ba su da yawa, gaskiya. Muka shiga kasuwa ni da mijin Yaya, na yi ta ƙwaƙule nan ina cike can, har muka zo kan akwatin wuta. Mai kayan ya jera mana guda uku a kan kanta. Na farko a cikin kwalinsa yake, ba a ɓare ba, na kamfanin da kowa ya sani, da garantin shekara uku. Na biyu ko taɓa shi ban yi da kyau ba na ture, iska ce kawai a ciki. Na uku baƙi ne mai sheƙi, da takarda mai ruwan zinare, sunan da ke jiki ban taɓa jin sa ba, kuɗinsa kuma bai kai rabin na farko ba. Na ɗaga shi. Kai, nauyi! Har ya so ya fi mai kwalin.

Mijin Yaya mutum ne mai tsoron asara. Ya ɗora yatsa a kan kwalin ya ce, "Injiniya, wannan mai garantin fa? Ko da za mu rage wani abin."

Na yi dariya, har da dafa kafaɗarsa. "Yallaɓai, kuɗin kwali za ka biya da kuɗin talla. Miƙo hannunka." Na ɗora masa baƙin. "Ka ji? Tagulla ce zalla. Irin wannan sai an tona ake samu."

Ya jinjina, ya gyaɗa kai. Mai kayan kuwa, yanzu in na tuna sai in ga kamar kansa a ƙasa yake lokacin. Da rarar na ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa. Ban ci ko sisi ba, wannan kam zan iya rantsewa. Abin da ban yi ba shi ne kwance sukurori huɗu in leƙa ciki, aikin minti biyu, don ina ganin wanda hannunsa sikeli ne ya wuce leƙe.

A benen su Yaya akwai wani dattijo mai gyaran wuta da kowa ke kira Baba Mai Tasta, saboda tastar gwada wuta ba ta barin aljihun gaban rigarsa. Shekara ashirin da shida shi ke kula da wayoyin ginin. Ba ma'aikacin kowa ba ne a takarda, amma duk wanda fitilarsa ta mutu shi zai kira, kuma daga wannan benen yake ciyar da gidansa. Yana da nawa wajen aiki, wannan ba ƙarya ba ne. Kowace waya sai ya naɗa mata ɗan salatif ya rubuta inda ta fito da inda za ta. Manajan ginin ya tsani wannan nawar, kullum cikin mita yake.

Shi Yaya ta kira ya ja mata sabon soket domin kwamfutar. Ina tsaye ya zo. Ya gyara tabaransa ya ce, "Ɗana, wat nawa take ci?" Na faɗa masa. Ya ce to zai ja mata layinta ita kaɗai tun daga akwatin fis, kada ta haɗa hanya da injin hoton takardu. Yini guda ya yi a kan soket ɗaya. Da ya gama ya gwada sau uku, ya share ƙurar bangon da hannunsa, sannan ya ce in soka.

Sati bakwai kwamfuta na aiki lafiya lau, ni kuma ina yawo da kai a sama.

Ranar wata Talata da hantsi Yaya ta kira ni. "Auta, zo yanzu. Ta fashe." Kafin in iso mutane sun cika barandar. Ƙaurin roba tun daga matakala. An ce ƙara aka ji kamar an fasa taya, hayaƙi ya turnuƙe, tartsatsi ya lashi gefen labule, wata mata da ta zo cike fom ta fita da gudu ta bar takalminta. Yaya na zaune a kujera ta rafka tagumi. Mijinta ya riga ni zuwa. Manaja ma yana nan, da tarin makullai a hannu. Ina shiga kowa ya juyo ya zuba mini ido.

To, mu masu gyara muna da wata cuta. In abu ya ƙone a hannunmu, kalmar farko da ke fita daga bakinmu ita ce wuta. Wuta ce ta yi yawa, wuta ce ta yi tsalle. Ba wanda zai kai wuta ƙara, ba ta kuma da bakin musu. Na faɗe ta ya fi sau ɗari a rayuwata, sau da yawa ma gaskiya ce. Ranar nan ko murfin kwamfutar ban buɗe ba, na durƙusa na shinshina bayanta, na ga idon mijin Yaya a kaina, na tuna yatsansa a kan kwalin nan. Sai na ji bakina ya ce, "Wuta ce." Da a nan na tsaya da sauƙi. Na miƙe, na nuna bango, na ƙara da cewa, "Wa ya ja wannan soket ɗin?"

Na san wanda ya ja. A gabana aka ja.

Aka kira Baba Mai Tasta. Ya hawo yana haki, ya ratsa mutane, ya zaro tastarsa ya soka, ya ciro mita daga jaka ya auna. Ya ɗago ya ce, "Lafiya lau take nunawa, ɗana."

"Baba, ai yanzu dole ta nuna lafiya," na ce masa, da irin muryar da nake wa kwastoma bayani. "In waya ta saki a ciki, wuta takan yi tsalle ta koma. Ta riga ta yi ɓarnarta."

Mutane suka hau gyaɗa kai. Manaja ya kaɗa makullansa ya ce, "Na daɗe ina faɗa. Yau kwamfuta ce, gobe ginin ne gaba ɗaya." Baba ya mayar da mitar jaka. Ya dubi soket ɗin, ya dube ni, ya mayar da tastar aljihu. Ni kuma na rungumi kwamfutar na sauka da ita, ina jin sanyi a raina cewa na wanke kaina.

A shago bayan azahar na kwance ta. Babban allon cikinta, wanda kowane sashe ke manne a kai, ya tafi, ƙwaƙwalwar da na ƙara ma ta bi shi, faifan ajiya kaɗai Allah ya tsare. Na ciro baƙin akwatin, na jira ya huce ya sauke wutar da ke cikinsa, na yanke takardar zinaren, na kwance sukurori huɗun nan. Abin da na gani ɗan allon lantarki ne siriri, wanda ko rediyo zai raina, wayoyi kamar gashi, babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke yanke wuta in ta yi yawa. A gefe kuma an ɗaure wani dunƙule mai kama da taransifoma, an naɗe shi da salatif rawaya, wayoyi biyu sun fito daga jikinsa ba su je ko'ina ba. Na sa sukudireba na ɓanɓare. Guntun ƙarfe ne, irin na bola, an cika gefensa da siminti.

Na daɗe zaune da shi a hannu. Wato saboda irina aka yi shi. Wani can ya san akwai masu aunawa a tafin hannu suna cika baki, ya tanadar mana nauyin da muke so. Gumi ya karyo mini, ga fanka na juyawa a kaina. Na san a lokacin, sarai na sani, cewa abin da ya kamata shi ne in hau babur in koma benen kafin Manaja ya tashi daga ofis. Sai na ja durowa ta ƙasa, na jefa ƙarfen, na tura da ƙafa.

Washegari na koma kasuwa na sayi mai kwalin nan da na yi wa dariya. Na ciro babban allo da ƙwaƙwalwa daga kwamfutar kaina na haɗa wa Yaya. Da na kai mata ta ce nawa ne, na ce haba Yaya, ni da ke? Idonta ya kawo ruwa. "Auta, Allah ya bar mana kai." Mijinta har ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ban taɓa jin godiyar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. Amma na lallashi kaina, na ce ai na gyara ɓarnata, magana ta wuce. Dattijon kuma shekara ashirin da shida ba wasa ba ce, wa zai taɓa shi saboda soket ɗaya?

Kwana uku bayan nan Yaya ta faɗa mini a waya, a tsakiyar wata hira daban, cewa Manaja ya dakatar da Baba, ya kawo wani kamfani na samari masu riga iri ɗaya. Na ce, "Ayya." Ayya kawai na ce. Daga ranar na daina huɗuba. Wani ya kawo kwamfuta ya tambaye ni wane akwatin wuta zai saya, na ce ya ɗauki mai garanti daga kamfanin da aka sani, a cikin kwalin da ba a ɓare ba, kada ya yarda da lamba, kada ya yarda da nauyi. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Yau sikelin ya lalace ne?" Na daka masa tsawar da har yau bai gane dalilinta ba.

A kwana na tara na je duba kwamfutar Yaya. Na tarar bangon shagon da sabon faci, dogo, tun daga soket har bakin ƙofa. Na tambaya.

"Baba ne," in ji ta. "Ranar Lahadi ya zo ya roƙe ni in buɗe masa. Ya ce ba don a mayar da shi ba, so yake kawai ya ga inda ya yi kuskure. Ya zare wayar nan kaf, tun daga nan har akwatin fis, yana bin ta da yatsa. Tun safe har la'asar. Ya mayar, ya yi facin da kansa."

"Ya samu wani abu?" Ban san yadda na iya tambaya ba.

"Bai samu ba. Shi ne abin da ya fi ba ni tausayi. Ya zauna a matakala ya cire tabarau, ya ce mini, ''Yata, tunda akwai laifi kuma na kasa ganin sa, ke nan idona ne ya tafi. Gara da aka tsayar da ni kafin in kashe wani.'"

Ban yi mata sallama ba na fita. Na je shago, na ja durowar, na dawo na ajiye mata ƙarfen a kan tebur kusa da madannai. Na faɗa mata komai a tsaye, ban rage ba. Na yi zaton za ta yi faɗa, da ma faɗan nake so. Sai ta yi ta kallona, irin kallon da take mini ina yaro in na dawo da abin da ba nawa ba.

"Kwamfuta ce, Auta," ta ce a hankali. "Da ka ce mini kai ka yi kuskure, me zan yi maka? Dukan ka zan yi?" Ta ture ƙarfen zuwa gabana. "Ba ni ka cuta ba. Ɗauki abinka."

Na fara da ofishin Manaja. Ya saurare ni yana danna waya, ya ɗaga ƙarfen ya yi dariya, ya ce lallai 'yan bogi sun iya. Sannan ya ce ya riga ya sa hannu da kamfanin na shekara guda, kuma ko ba wannan ba ai dattijon ya tsufa. Na ɗaga murya, na ce ƙarya na yi, a gabansa na yi ta. Ya ce, "To ai kai ka yi, ba ni ba." Na ɗauki ƙarfen na fita.

Gidan Baba yana can ƙarshen wani lungu, bayan wurin masu walda. Na same shi a kan benci a ƙofar gida, da rana tsaka, lokacin da ya kamata a ce yana kan tsani. Aljihun gaban rigarsa ba komai. Ya gan ni ya yunƙura zai tashi, wai ni zai ba wuri.

"Ɗana, kai ne? Ina fata ba wata ɓarnar aka sake ganowa ba."

Na durƙusa a gabansa, na miƙa masa ƙarfen. Na ce daga cikin akwatin wutar kwamfutar na ciro shi, na bogi ne, ni na zaɓe shi, shi ya fashe. Na ce wayarsa ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra.

Ya juya shi, ya kai kusa da tabarau, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya ja wayoyi biyun nan da ba su je ko'ina ba, har ya ɗan murmusa. "Ka ga har salatif suka naɗa masa da kyau." Ya sauke numfashi mai tsawo, kafaɗunsa suka sauka. "Alhamdu lillahi. Wallahi shekaranjiya aka kira ni aikin wata makarantar yara, na ce su nemi wani. Na ji tsoron hannuna." Ya dubi tafukansa, gaba da baya. "Kowa yana kuskure, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka bincika. Yau ka buɗe shi?"

Ga ƙofar tsira a buɗe, in na ce e shi ke nan.

"A'a, Baba. Ranar da abin ya faru. Bayan azahar."

Murmushin ya tafi. Na ga leɓensa na motsi, yana lissafa kwanakin. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ƙarfen a kan benci a tsakaninmu, ya daɗe yana kallon lungun.

"Ranar Lahadi da nake fasa bangon yayarka," ya ce, "yana wurinka."

"Yana wurina."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Ni na ji. Amma akwai wadda ta fi ni buƙatar ji, uwargidana. Kwana tara tana dafa abinci tana mayarwa, ba mai ci. Jiya na ji ta tana tambayar maƙwabciya asibitin ido mai sauƙi. In ni na faɗa mata za ta ce lallashin ta nake. Shiga ka faɗa mata da bakinka, yadda ka faɗa a gaban mutane."

Ya ɗaga murya ya ce ga baƙo. Na cire takalmi na yi sallama. Ɗakin ƙarami ne, a share tsaf. Wata tsohuwa 'yar siririya ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tambayi mijinta ko wane ne. Daga waje ya ce mai gyaran kwamfuta ne, ƙanin mai buga takardu.

Fuskarta ta washe. Ta koma da sauri ta kawo ruwa a kofi, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Kai ne yaron kirkin nan? Ya ba ni labarinka. Ya ce ba don kai ka gano ba, da wata rana gobara ce za ta tashi a hannunsa, ya shiga uku da tsufansa. Kullum sai na sa ka a addu'a, ɗana. Sha ruwa."

Na karɓi kofin. Ruwan ya ɗan zuba a kan ledar ɗakin, ta sunkuya za ta goge.

"Mama, bari," na ce. "Don Allah zauna. Magana na zo da ita."